Mu daina cewa "maganin tsinka jini" kawai: neman kalma biyu

1/ 'Yan uwa likitoci da masu fassara, ku zo mu tsayar da magana a kan kalmomi biyu: antiplatelet da anticoagulant. A asibitocinmu duka biyun "maganin tsinka jini" ake ce musu. Ni dai ban gamsu ba.

2/ Ku duba wanda jini ya toshe masa a tushen ƙwaƙwalwa, wurin da ke riƙe da numfashi, haɗiya da bugun zuciya. Jijiyoyi biyu ne ke hawowa ta bayan wuya su haɗe su zama ɗaya, su ke ba wurin jini. Sau da yawa ba da shanyewar ɓarin jiki abin ke zuwa ba: jiri ne, gani biyu-biyu, harshe ya yi nauyi, ruwa ya riƙa sarƙe shi. In ya tsira, duk aikin ya koma kan hana toshewar dawowa.

3/ In kitse ne ya ƙuntata jijiyar, ana ba shi aspirin ko clopidogrel, wato antiplatelet. Binciken CHANCE na ƙasar Sin a 2013 ya nuna amfanin haɗa su na kwana 21 bayan ƙaramar toshewa. SAMMPRIS na Amurka kuwa, a 2011, ya gano cewa magunguna tare da saukar da hawan jini da kitse sun fi sa ƙarfen buɗe jijiya a cikin kai aminci. Amma in zuciya ce ke bugawa ba bisa ƙa'ida ba har gudan jini ya taso daga can, warfarin ko apixaban ake buƙata, wato anticoagulant. Aspirin bai isa ya tare masa ba.

4/ To mara lafiyar da aka ce wa duk "tsinka jini" ne, warfarin ya ƙare, me zai hana shi sayen aspirin a kemis? Ga kuma tsoro: Bahaushe in ya ji "jini ya tsinke", zubar jini yake ji. Wasu a nan suke ajiye maganin.

5/ Shawarata: antiplatelet ya zama maganin hana curewar jini. Ƙananan ƙwayoyin jini ne ke mannewa su cure kamar yadda ake cura fura, shi kuma ya hana su. Anticoagulant kuwa maganin hana daskarewar jini, don ruwan jinin yake hana daskarewa.

6/ An kawo "hana dunƙulewa". Kalma ce mai kyau, sai dai ta hau kan duka biyun, mun koma inda muka baro.

7/ Abin da ya rage mini: shin a Damagaram da Maraɗi "curewa" na ba da wannan ma'anar kamar a Kano da Zariya? Ma'aikatan jinya na can, ku gwada ta a bakin majinyata ku faɗa mana abin da suka fahimta.