Abin da ke dawo da maƙala tun mai bita bai gan ta ba

Mai Shirin Turawa:
Assalamu alaikum malamaina. Ina roƙon duk wanda ya saba tura maƙala mujallar kimiyya, ko yake bitar maƙalu, ko yake aikin edita, ya ajiye mana abin da ya sani a nan. Ingancin binciken kansa mu bar shi tsakanin ɗalibi da mai duba aikinsa. Shirin takardar nake tambaya: tsari, hotuna, manazarta da fayilolin da ake lodawa. Me ke sa a dawo wa mutum da maƙala cikin kwana uku, ba a ko karanta ta ba?

Malam Edita:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin maƙala ta iso gaban edita, akwai ma'aikacin ofishin mujalla da ke auna ta da takardar sharuɗɗa. Ba ruwansa da darajar sakamakonki. Ƙidaya yake yi: kalmomin tsakure (taƙaitaccen bayanin maƙala da ke farkonta) nawa ne, akwai lambar layi, akwai bayanin kwamitin ɗa'a, hotuna sun fito. Abu ɗaya ya ɓace, ya mayar miki.

Saboda haka ki zaɓi mujalla tun ba ki gama rubutu ba. Ki sauke jagorar marubuta ta wannan mujallar, ki haɗa da maƙalu uku da ta buga a bana, irin taki. Jagora wani lokaci ta tsufa, maƙalun bana su ke nuna abin da ake yi yanzu.

A jagorar ki fara neman iyakar kalmomi, sannan ki duba ko iyakar ta haɗa da manazarta da jadawali, domin mujallu sun sha bamban a nan. Tsakure ma haka. PLOS ONE ba ta yarda ya wuce kalma 300 ba. Mujallun likitanci da yawa suna tsayawa wajen 250, kuma suna son a raba shi da ƙananan kanu: manufa, hanyoyi, sakamako, kammalawa. Mujallun kamfanin ɗab'i na Elsevier da ke neman muhimman batutuwa (highlights) suna son layi uku zuwa biyar, kowane layi kada ya wuce harafi 85, kuma gurbin da ke tsakanin kalmomi ma ana ƙirga shi harafi. Ki sa lambar layi mai ci gaba daga farko har ƙarshe, kada ta riƙa komawa ɗaya a kowane shafi, domin mai bita zai ce "layi na 214" ne kawai. Tazara biyu tsakanin layuka, rubutu mai girman 12.

Wasu mujallu yanzu suna karɓar turawar farko a kowane tsari mai tsabta, sai an nemi gyara su buƙaci nasu. Sai kin ga an rubuta haka ƙarara a jagora za ki dogara da shi.

Dakta Mai Ƙididdiga:
Ranka ya daɗe, bari in ɗora da lambobi, don nan ne mai bita ke fara yanke hukunci a zuciyarsa.

Manhajar ƙididdiga ta SPSS takan fitar da .000 a gurbin ƙimar P, adadin da ake dubawa wajen yanke ko akwai bambanci. Kada a kwafe shi haka, babu P da ke zama sifili. Ana rubuta P < 0.001. Sauran kuma a ba da ainihin adadin, misali P = 0.03, kada a tsaya ga cewa "akwai bambanci". Duk inda aka sa alamar ±, a faɗi ko SD ce (ma'aunin bazuwar bayanai) ko SEM (ma'aunin kuskuren matsakaici), kuma a faɗi yawan samfur. SEM kullum ta fi ƙanƙanta, domin SD ce aka raba da tushen murabba'in yawan samfur, shi ya sa wasu ke ɓoyewa a bayanta don sandunan zane su yi kyau. Mai bita ya san wannan dabara. Kashi cikin ɗari ya zo da adadinsa: mutum 12 cikin 40, kashi 30. Idan samfur bai kai ɗari ba, rubuta kashi 30.00 ƙarya ce ta nuna ƙwarewa.

Abin da ya fi yawan tona asiri shi ne saɓani tsakanin tsakure da jadawali. An sake lissafi bayan cire mutum biyar, an gyara jadawali, an manta tsakure. A buga maƙalar a takarda, a ɗauki biro, a bi kowace lamba ta tsakure har inda take a jadawali.

Masu aikin ƙwayoyin gado kuma su yi hattara da Excel. Yakan mayar da sunaye irin SEPT2 da MARCH1 kwanan wata. Matsalar ta yi yawa har kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya su a 2020, suka koma SEPTIN2 da MARCHF1. Tsofaffin fayiloli na nan da tsofaffin sunaye, don haka a mayar da layin ya zama na rubutu zalla kafin a zuba bayanai.

Likitan Yara:
Na ɓangaren lafiya, akwai abubuwan da idan babu su, gyaran tsari ba ya ceton maƙala. Na farko amincewar kwamitin ɗa'ar bincike: sunan kwamitin, lambar takardar, da yadda aka nemi yardar mahalarta. Ga yara, yardar iyaye, da amincewar yaron idan ya kai ya fahimta. Inda mahalarta ba su iya karatu ba, a bayyana yadda aka yi: an karanta musu da harshen da suke ji, sun dangwala yatsa, akwai shaida. A cikin sashen hanyoyi ake rubuta wannan.

Na biyu rajistar gwaji. Tun 2005 mujallun da ke bin ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, suke neman a yi wa gwajin magani rajista kafin a shigar da majinyaci na farko, a ClinicalTrials.gov ko PACTR ta Afirka ko makamancinsu. Rajistar da aka yi bayan an gama aiki, manyan mujallu kan ƙi ta, kuma ba abin da za a iya yi a lokacin.

Na uku jadawalin bayar da rahoto, wato jerin abubuwan da ya kamata rahoton kowane irin bincike ya ƙunsa. CONSORT na gwajin da aka raba mahalarta da ƙuri'a ne, an sabunta shi a 2025. STROBE na binciken lura, yana da abu 22. PRISMA ta 2020 ta bitar bincike-bincike ce, abu 27. ARRIVE na gwajin dabbobi. Duk suna shafin intanet na EQUATOR. Ana cike su da lambar shafin da kowane abu yake, shi ya sa ake cike su a ƙarshe, bayan tsari ya zauna.

Farfesa Mai Tsirrai:
Dakta ya gama nasa, ni kuma in yi kukan da na saba. Maƙalun tsirran magani daga wajenmu suna faɗuwa a sashen hanyoyi, kuma kusan kullum a wuri ɗaya.

Sunan gida ba ya isa. Bishiya ɗaya, wani gari darbejiya, wani gari dogon yaro. A rubuta Azadirachta indica A. Juss. a karon farko, sunan a karkace, sunan wanda ya raɗa a miƙe, daga nan sai A. indica. Zogale Moringa oleifera Lam. Harafin farko na kalma ta biyu ƙarami ne, ko da a cikin take. Sannan lambar samfurin da aka ajiye a ma'ajiyar busassun tsirrai, irin wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da wanda ya tantance shukar, da wurin da aka tsinko ta da watan. Ganyen damina da na rani ba lallai su ba da sinadari ɗaya ba.

Wajen tatsa: giram nawa na gari, a cikin mililita nawa na wane ruwan narkarwa, ƙarfinsa kashi nawa, awa nawa, zafi nawa, kuma giram nawa aka samu a ƙarshe. "An jiƙa a cikin etanol" ba bayani ba ne. Na'urar juya samfur (centrifuge) kuma a ba da ƙarfinta da × g, wato ninkin ƙarfin jan ƙasa. Juyi 3000 a minti a ƙaramar na'ura da babba ba ƙarfi ɗaya ba ne, domin ya danganta da faɗin abin da ke juyawa.

Wani abu da ba kowa ke lura ba: alamar µ. Idan an shigar da ita ta salon rubutu na Symbol, to da an sauya salon sai ta koma m. Maikurogiram ya zama miligiram, an ninka adadin sau dubu, kuma ba wata manhajar gyaran rubutu da za ta ja layi a ƙarƙashi. A saka ta a matsayin harafinta na ainihi.

Mai Shirin Turawa:
Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Hotuna fa? Wasu na cewa a sa su cikin rubutu, wasu na cewa daban.

Injiniya:
Yaya, duka biyun akwai, jagora ce ke raba gardama. Abin da bai canzawa shi ne inganci. Ma'aunin Elsevier: hoton kamara ɗigo 300 a kowane inci, zane mai layuka zalla 1000, gaurayen hoto da rubutu 500. Faɗin ginshiƙi ɗaya milimita 90, cikakken shafi 190. A wannan girman ake auna ɗigon. Hoto mai faɗin milimita 90 a ɗigo 300 yana buƙatar fikzel kusan 1060 a faɗi. Idan naki 600 ne, buɗe shi a Photoshop a rubuta 300 ba ya ƙara masa komai, dishi-dishi kawai zai yi.

Zanen ƙididdiga a fitar da shi kai tsaye daga manhajar da ta zana shi, a matsayin PDF ko EPS, ko TIFF. Kada a ɗauki hoton allo. Kada kuma a tura wa abokin aiki hoto ta WhatsApp a matsayin hoto sannan a yi amfani da wanda ya dawo, domin manhajar na matse shi. A tura a matsayin fayil. Ki rage zanen zuwa milimita 90 ki buga, idan ba ki iya karanta rubutun gefe ba, mai karatu ma ba zai iya ba. Ja da kore kada su zama su kaɗai ke raba layuka biyu, akwai masu karatu da ba sa bambance su. A ƙara bambancin siffa, wannan ɗigo-ɗigo, wancan miƙaƙƙe.

Jadawali kuwa a gina shi da kayan jadawali na Word, kada a manna hotonsa, don masu tsara shafi sai sun iya taɓa lambobin. Hoton jel (wanda ake rarrabe DNA ko furotin a kansa) da na madubin ƙara girma a adana na asali wanda ba a yanke ba, mujallu da yawa na nema. Ƙara haske ya halatta idan an yi wa hoton gaba ɗaya, goge tabo a wuri guda kuwa maguɗi ne.

Ma'aikaciyar Laburare:
Manazarta kada a buga su da hannu. Manhajar tsara manazarta ta Zotero kyauta ce, akwai Mendeley da EndNote. Amma abin da aka zuba musu shi suke fitarwa: idan take ya shigo da manyan haruffa duka, ko sunan marubuci ya juye, haka zai fito. A shigar da kowace maƙala ta lambar DOI, lambar shaidarta ta intanet, sannan a duba da ido. Salon Vancouver lambobi ne bisa jerin ambato, don haka matsar da sakin layi ɗaya yana sauya lambobi duka, aikin da manhaja ke yi cikin daƙiƙa. Gajerun sunayen mujallun lafiya suna kundin NLM, laburaren likitanci na ƙasar Amurka. Kafin turawa a yi kwafi, a cire mahaɗin manhajar daga kwafin, a ajiye na asali don ranar gyara.

Mujallar kanta a bincike ta. A nemi sunanta da lambar shaidarta ta ISSN a kundayen mujallu irin su Scopus ko DOAJ ko AJOL kai tsaye, kada a yarda da tambarin da ta manna a shafinta. Scopus na da jerin waɗanda ta daina ɗauka. Mujallar da ta aiko saƙo tana alƙawarin bugu cikin mako guda, a yi nesa da ita. Kuɗin bugu kuma a duba tun farko, rangwame galibi lokacin turawa ake nemansa.

Dakta Mai Ƙididdiga:
Hajiya, ki taɓo mana batun kashin kamanceceniya da rubutun wasu. Ɗalibai na ta neman "ƙasa da kashi 15".

Ma'aikaciyar Laburare:
Wannan adadin dokar wasu makarantu ce, Dakta. Edita yana buɗe rahoton manhajar gano kwafe ta iThenticate ne ya ga inda kamannin suka taru. Kashi 20 da ya watsu a sunayen sinadarai da manazarta ba komai ba ne. Kashi 6 da ya fito daga sakin layi biyu na maƙala ɗaya matsala ce, ko da maƙalar ta marubucin ce da kansa. Idan daga kundin digiri aka ciro aikin, a faɗa a wasiƙar rakiya.

Malam Edita:
Saura marubuta da lodawa. Sharuɗɗan ICMJE huɗu ne, kuma sai an cika duka: hannu a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, hannu a rubutu ko gyara mai ma'ana, amincewa da kwafin ƙarshe, da ɗaukar alhakin aikin. Wanda ya ba da ɗakin gwaji ko kuɗi kawai, wurinsa sashen godiya. Na san faɗin wannan ya fi aikata shi sauƙi a sashe, amma a daidaita jerin sunaye kafin turawa, domin ƙara suna daga baya sai kowa ya sa hannu. Manhajar ƙirƙirarriyar basira ba ta zama marubuci, idan an yi amfani da ita a bayyana. Kowa ya buɗe ORCID, shaidar marubuci ce mai lamba 16, musamman mu da Muhammad da Abubakar suka yi mana yawa, kuma mutum ya tsaya a kan rubutun suna guda.

Idan mujalla na ɓoye sunan marubuci ga mai bita, shafin take fayil ne daban. A cire godiya, a cire sunan jami'a daga sashen hanyoyi, a cire suna daga bayanan fayil ɗin Word, a karɓi duk gyare-gyaren da ke rataye, a share tsokacin gefe. Wasiƙar rakiya shafi ɗaya: me aka gano, me ya sa ya dace da wannan mujallar, da tabbacin ba a tura wani wuri ba. A duba sunan mujallar da ke kanta, sau da yawa na wadda ta ƙi maƙalar a baya ne ke nan zaune.

Shafukan loda maƙala na Editorial Manager da ScholarOne suna haɗa fayilolinki su zama PDF guda, su ce ki duba ki amince. Ki buɗe shi shafi-shafi, Malama. A nan ake ganin lissafin da ya rikiɗe akwatuna, jadawalin da gefensa ya yanke, hoto na 3 da ya riga na 2. Idan ba ki danna amincewa ba, maƙalar na nan a akwatinki, ofis bai gan ta ba. Sai saƙon imel mai lambar maƙala ya shigo miki sannan ta tafi.

Injiniya:
Ƙari kaɗan ga masu rubutu da manhajar LaTeX: idan ana loda fayilolin tushe, a haɗa da fayil ɗin manazarta na .bbl, kuma a zuba hotuna da komai wuri ɗaya ba cikin ƙananan jakunkuna ba. In ba haka ba, manazarta su fito alamar tambaya a PDF ɗin da Malam ya ambata.