Musayar Waƙa: Daga Lise Zuwa Ƙin Aure, Matakai Nawa Ne?

Baban Yara, daga Birni:

Jama'a ku ji, ƙanena ya ƙudura niyya,
Ɗiyarsa ta shiga lise, ni ban yarda da kaiwa.
In ta gama lise za ta nemi jami'a,
Daga jami'a sai Yamai, ba batun komowa.
In ta zauna Yamai za ta raina mazan gida,
In ta raina su ta ƙi aure, zuri'a na ƙarewa.
Shi ya sa na ce a rufe ƙofar tun yau,
Kafin ɓarnar ta kai ga yaɗuwa.

Malama, daga Zango:

Yaya, na karanta baitocinka da ladabi,
Matakai 4 ka jera, ba ɗaya mai tabbatarwa.
Jami'ar André Salifou tana nan Damagaram,
To, me ya wajabta Yamai ga mai son ƙaruwa?
Mu ƙaddara kowane mataki rabi da rabi ne,
Ko ya faru ko ya ƙi, don sauƙin lissafawa.
Rabin rabi kashi 1 ne cikin 4,
Matakai 4 kuwa 1 cikin 16 suke komawa.
Kai kuwa ka zana ƙarshen tamkar ka gan shi,
Tsoronsa ya hana ka duba farkon tattaunawa.
Ƙanenka lise ya ambata, bai ce Yamai ba,
A kan lise ya kamata mu yi muhawara da amsawa.

Dattijo, daga Mirriya:

Ɗiyata, lissafinki ya yi daidai,
Sai dai ba kowace sarƙa ce abar watsarwa.
Wanda ya ce in an sare gawo daga gona,
Iska za ta kwashe ƙasa, gero na raguwa,
Bai yi ƙarya ba, mun gani a farin 1984,
Kowane mataki yana da sanadi mai nunawa.
Gawo na zubar da ganyensa da damina,
Ya zama taki, ga saiwa ƙasa tana riƙewa.
Manoman Matamai da Magariya sun bar shi ya tofo,
Gonakin da suka gaji suna ta farfaɗowa.
Iska ba ta shawara in ta sami fili,
Yarinya kuwa tana da hankali da iyaye masu tsawatarwa.
A kowane mataki akwai mai iya cewa a tsaya,
Nan hujjar Baban Yara take da raunin tsayawa.

Baban Yara, daga Birni:

Baba, na ji, na jingine batun Yamai,
Ko da yake zuciyata ba ta gama natsuwa.
Ga abin da ke gabana, shi nake so a amsa:
Lisen da nisa, wa zai riƙa kai ta da ɗaukowa?
Kuɗin kabu-kabu safe da yamma, wata 9,
Ƙanena ne ko ni za a bari da biyawa?