Neman kalmar Hausa: me za mu kira "rig" da "chod rig" na masu fatsar kifin karp a ruwa mai ciyawa?

Mai Fatsa:
Assalamu alaikum. Malamai, kalma biyu nake nema. Masu kama kifin karp da sandar fatsa a Ingila suna cewa "rig", suna nufin duk abin da ke ƙarshen zare da yadda aka jera shi: ƙugiya, guntun zaren da ke riƙe da ita, dalma, majuyi (ɗan ƙarfen da ke juyawa don kada zare ya murɗe) da ƙwayoyin roba. A cikin ire-irensa akwai "chod rig", wanda aka yi domin ruwan da ƙasansa ciyawa ce ko laka. Ga siffarsa, don mai raɗa suna ya san abin da yake raɗa wa.

Dalma ce a can ƙarshen babban zare. Sama da ita an zura ƙwayar roba biyu, kamar ƙwayar carbi, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Tsakaninsu akwai majuyi mai zobe da ke zamewa a jikin zaren ba tare da an ɗaure shi ba. A jikin majuyin ne ake ƙulla guntun zare mai tauri, santimita 5 zuwa 8, a lanƙwasa shi kamar baka, ƙugiya a bakinsa. Abincin kuwa curi ne marar nauyi wanda ba ya nutsewa. In aka jefa, dalma ta shige cikin ciyawa ita kaɗai, majuyi ya zame sama ya tsaya inda ciyawa ta tare shi, curin ya miƙe a fili inda kifi zai gan shi.

Ɗan Koma:
Wa alaikumus salam. Ta farkon ai ba ta da wuya, "ɗauri" ne. Ɗaurin ƙugiya. Kowa ya ji ya gane.

Mai Fatsa:
Na yi tunaninsa, ɗan'uwa, sai dai ɗauri yana kai hankalin mutum ga ƙulli. A wannan tsarin kuwa, asirin duka yana wurin abin da ba a ɗaure ba. Ranar da ka ɗaure majuyin nan a wuri ɗaya, dalma za ta ja ƙugiya da curi su nutse tare cikin ciyawa, ka kwana kana gadin abincin da kifi bai ma san da shi ba. Kuma muna bukatar "ɗauri" da "ƙulli" a wurinsu, domin ƙullin da ake yi wa ƙugiya daban, na majuyi daban.

Ɗan Koma:
To "haɗi" fa?

Malama Mai Nahawu:
"Haɗi" zai yi karo da haɗin abinci. Masu wannan sana'a kullum cikin maganar haɗin gari da ƙwai da mai suke, wanda ake cura shi a tafasa. Idan mutum ya ce haɗinsa bai yi ba, ba ka san ko curin yake nufi ko ƙugiyar ba.

Ni ina ganin mu koma ga aikatau "ɗana". Ana ɗana tarko, ana ɗana kibiya, ana ɗana bindiga. Duk inda aka ce an ɗana abu, to an shirya shi ne an bar shi yana jira, taɓawa kaɗan ya tashi. Fatsar karp haka take: ba a riƙe da sanda a hannu ana jiran a fizga, ajiye ta ake yi a kan mazauni, kifi ya tsotsi abinci, ya ji baƙon abu ya furzar, ƙugiya ta juya ta kama leɓensa na ƙasa. Kamar yadda gina ya ba mu gini, ɗinka ya ba mu ɗinki, ɗana sai ya ba mu "ɗani". Ɗanin ƙugiya, ko ɗani kurum in an san zancen da ake yi.

Baba Masunci:
Malama, Allah ya ƙara sani. "Ɗani" ya zauna. Gwada shi da sauran ma ka ji ya tafi daidai. Wanda masu fatsar Ingila Kevin Maddocks da Lenny Middleton suka fito da shi a ƙarshen shekarun 1970, inda abinci ba ya kan ƙugiya sai a rataye a bayanta, wato "hair rig", "ɗanin gashi" ne. Wannan fassararsa kai tsaye ta yi, domin da farko silin gashi na gaske suka yi amfani da shi.

Ta biyun ce ba za ta fassaru haka ba. "Chod" a bakin masu fatsar Ingila ba ciyawa kaɗai ba ce. Duk ƙazantar da ke kwance a ƙasan tafki ce: ruɓaɓɓen ganye, ƙirare, mataccen tsiro, gansakuka, baƙar laka mai wari. Duk wanda zai raɗa suna ya riƙe wannan.

Ɗan Koma:
Ni da na so in ce "ɗare-ciyawa", irin su fasa-ƙwauri da dafa-duka. Yana da daɗin faɗi.

Baba Masunci:
Yana da daɗi, yaro, amma ya karkata ta fuska biyu. Na ɗaya shi ne wanda na faɗa, ya bar laka da ganye a waje. Na biyu ya fi muhimmanci. Ɗarewa da ƙarfi ake yin ta, kamar mutum ya ɗare doki. Wannan ɗanin kuwa in ya sauka da ƙarfi ya lalace. Bari in ɗan tsaya a nan, domin nan ne mafi yawa suke kuskure.

Nauyin ƙugiya da majuyi, da na zaren da suke kai, dole ya rinjayi curin da ƙyar, ta yadda zai riƙa nutsewa a hankali kamar gashin tsuntsu a iska. Wasu suna sa ɗanin a kan kitsattsiyar igiya mai dalma a cikinta, tsawon kamar mita 1 zuwa 1.5, nauyinta shi ke kwantar da shi. Wasu suna sa shi a kan babban zare tsirara, to a nan sai an manna ɗan ƙullun ƙarfe mai nauyi a jikin majuyi, ana ƙarawa ana ragewa. Kada ka yi wannan da ka. Cika bokiti da ruwa, saka ɗanin, ka zuba ido. In ya faɗa ƙasa tim, ƙullun ya yi yawa, zai nutse cikin gansakuka. In ya ɗago zare sama ya bar ƙasa, ya yi kaɗan, curin zai riƙa lilo a tsakiyar ruwa inda kifi zai yi masa kallon abin zargi.

Sannan ƙwayar sama. Tazararta daga dalma ita ke nuna iya inda majuyi zai zame. Ka fara jefa dalma ita kaɗai sau uku ko huɗu, ka jawo, ka duba abin da ta kwaso da tsawonsa. In tsiron ya kai santimita 60, sa ƙwayar sama a kamar santimita 90, wato tsawon ciyawar da rabinsa. In laka ce ko ganye kawai, santimita 30 ya isa. Wanda ya matso da ita kusa da dalma a ruwa mai doguwar ciyawa, ya mayar da ɗaninsa ɗaurin da Mai Fatsa yake gudu.

Malama Mai Nahawu:
To Baba, ka ba mu sunan da bakinka. Abin da ka siffanta zama ne a hankali bisa duk abin da aka tarar a ƙasa. Me zai hana "zauna-bisa"? Bai ambaci ciyawa ba, bai ambaci laka ba, saboda haka ya ɗauke su duka. Ɗanin zauna-bisa. Ginin kalmar ma ba baƙo ba ne a kunne, muna da zauna-gari-banza.

Mai Sanda Uku:
Ina da ja kaɗan, Malama. Akwai wata dabara ta ruwa mai ciyawa, inda ake cusa dalma da ƙugiya da guntun zare mai laushi na santimita 8 zuwa 10 cikin wata 'yar leda mai narkewa a ruwa, a cika ta da ƙananan ƙwayoyin abinci, a matse ta tam a jefa. Ita ma ai bisa ciyawa take zama. Sunan ba zai haɗa su ba?

Baba Masunci:
Ba zai haɗa ba. Ledar tana tafiya da dalmarta a ciki, nauyinta yana danne gajeriyar ciyawa ya yi wa kansa wuri, ledar ta narke cikin minti kaɗan, ta bar ɗan tulin abinci da ƙugiya a tsakiya. A doguwar ciyawa mai kauri kuwa shigewa take yi ta ɓace. Wannan "ɗanin ƙunshi" ne, sunansa a jikinsa yake. Wurinsa shi ne 'yan sarari da ke tsakanin ciyawa, ko inda tsiron bai wuce tafin hannu ba. A tuna kuma jiƙaƙƙen hannu ko yayyafi yana narkar da ledar kafin a jefa, ruwan sanyi kuma yana jinkirta narkewarta.

Mai Sanda Uku:
Na karɓa. Tunda an zo nan, bari in cike sauran sassan, don mu ga ko akwai wanda ba shi da suna. Ƙugiya lamba 4 zuwa 6, mai faɗin baki, wadda idonta ya karkata waje. Dalili shi ne zaren mai tauri ne, in idon ya karkata ciki zaren zai rufe bakin ƙugiyar ya hana ta kamu. Bayan ƙulli, sai a mayar da jelar zaren ta cikin ido a yi ɗan kunne a bayan ƙugiya, a zura ƙaramin zobe a ciki, a ƙona bakin jelar da ashana ya dunƙule don kada ya zare. A jikin zoben ake ɗaure curi mai faɗin milimita 14 zuwa 16. Lanƙwasar kuwa da turirin ruwan zafi ake yin ta, ko a murza da babban yatsa. Amfaninta, ta kowace fuska kifi ya tsotsa, ƙugiya za ta juya tsininta ya fuskanci leɓen ƙasa. In lanƙwasar ta karkace gefe ɗaya, juyawar ba ta yiwuwa, sai ka ji motsi ɗaya shiru.

Curin da ya sha ruwa cikin dare yana rage tashi, ƙugiya ta kwanta a gefe ta kama ciyawa. Shi ya sa ake son mai toto a cikinsa, kuma ake ɗaure shi ta waje maimakon a huda shi.

Mai Fatsa:
"Kunne" ya yi wa wannan madaukin daidai. Curin kuma mu ce "curi mai tashi", kishiyar "curi mai kwanciya".

Baba Masunci:
Saura magana ɗaya da ba na so a bar ta, ko da ba ta suna ba ce. Ƙwayar sama lallai ta zama mai zamewa in an ja ta da ɗan ƙarfi, kuma raminta da zoben majuyi su iya wuce duk wani ƙulli da ke sama. Zare yana tsinkewa a ciyawa, babu gwanin da ya fi ƙarfin haka. In ya tsinke, majuyi ya ture ƙwayar ya fice, kifi ya tafi da ƙugiya da guntun zare kawai, wanda zai iya rabuwa da su. In an manne ƙwayar da gam ko an matse ta, kifi zai yi ta jan dalma da zare har su sarƙe a ciyawa ya mutu a ɗaure. Saboda irin wannan ne tafkuna da yawa a Ingila suka hana igiya mai dalma a ciki. Gwada da hannunka kafin kowace jifa.

Dalmar ma ƙarama ake so, giram 30 zuwa 60, don kada ta nutse da nisa. A Ingila tun 1987 doka ta hana amfani da ainihin dalma mai nauyin da ya wuce giram 0.06 har zuwa giram 28.35, saboda tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta su mutu, shi ya sa ƙananan dalmominsu suke ɗara wannan awon kaɗan. A ciyawa mai kauri a sa maƙalin da ke sakin dalma da zarar kifi ya kamu. Kifin da ba ya jan dalma yana tasowa sama, wanda yake ja kuwa dalmar ce ke fara sarƙewa. Babban zare kada ya gaza milimita 0.35, birkin kwarkwaron da ke naɗe zare a ɗaure, don kada kifi ya sami zaren da zai kai shi cikin duhun ciyawa.

Ɗan Koma:
Baba, in ya riga ya shige fa?

Baba Masunci:
Ɗaga sanda sama ka riƙe da ja iri ɗaya, ba fizga. In bai motsa ba, ajiye sandar ka saki zare na ɗan lokaci, sau da yawa da ya ji an sake shi zai fito da kansa. Ja da baya da sanda a miƙe shi ne ke yage baki ko ya tsinke zare.

Malama Mai Nahawu:
Bari in gwada su a jimla mu ji: "Na ɗana zauna-bisa a bakin bado, curi mai tashi, ƙwayar sama a santimita 90." Babu inda harshe ya yi tuntuɓe. A rubutu dai a kula da ƙugiyar ɗ, kuma a sa karan ɗori a zauna-bisa don a san suna ne ba umarni ba.

Mai Sanda Uku:
Gyara ɗaya a jimlar, Malama. A bakin bado ƙasan yawanci laka ce da ruɓaɓɓen ganye, ba dogon tsiro ba, saboda haka santimita 30 zuwa 40 ya wadatar. Kuma bayan jifa a saki zare ya kwanta sako-sako, domin in aka ɗame shi, zai ja zauna-bisan ya cusa shi cikin abin da ya zauna a kai.