Yarana sun dame ni da maganar Halowin, ya zan yi da su?

Maman Biyu, Samaru:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ƙanwata da ke aure a Amurka ta turo hotunan yaranta a WhatsApp, ɗaya ya sa kayan likita ɗaya an yi masa fenti kamar damisa, ga katuwar kabewa an fafe ta an yi mata ido da baki an kunna wuta a ciki, wai sun zaga maƙwabta sun tara alawa cike da bokiti. Tun daga ranar nawa biyun suka hana ni sakat, wai su ma sai sun yi, ƙaramin har ya yanka min zanin gado. Ni dai raina bai kwanta da abin ba, kuma ba na son kullum in ce musu a'a kawai ba bayani. Menene asalin abin, kuma me zan musu a gida?

Malam Na Kongo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ranar 31 ga Oktoba ake yinsa, daren jajibirin 1 ga Nuwamba da coci ta ware don tunawa da waliyyanta, daga nan ma sunan ya fito. Amma kafin nan mutanen ƙasashen Ayalan da Sikotilan a Turai suna da bikinsu na ƙarshen kaka da shigowar hunturu, sun yi imani a daren ruhohin matattu kan yi yawo, shi ya sa ake kunna wuta ana ɓad da kama. Mutanen Ayalan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman lokacin yunwar da ta same su a shekarun 1840, su suka tafi da al'adar, a can ne kabewa ta shigo ciki don ta fi yawa kuma ta fi sauƙin fafewa. Yanzu kam yawancinsu harkar alawa da cinikin kaya ce, amma tushen na nan, don haka ni ba na yi ban kuma ba ki shawarar ki sa wa ranar suna a gidanki ba. Ki zaunar da su ki faɗa musu haka a hankali, yaran yanzu suna gane magana in an musu bayani.

Yar Ƙofar Doka:
Hhhh Maman Biyu wlh kin ban dariya da zanin gadon nan. To wai me yaran suka gani da ba mu da shi? Ɓad da kama, shiga gida gida, a ba ka abu, ai tashe kenan! Mu a cikin birni da azumi ya kai goma shikenan unguwa ta rikice, ana shan ruwa a yi sallah sai ka ji gwangwanaye. Yayana shi ne tsoho da gemu kullum, a manna masa auduga a haɓa, a cusa tsumma a riga ya yi ƙusumbi, ya ari sandar kakanmu yana tafe yana rawar jiki yana tarin ƙarya har sai matan gida sun riƙe ciki. Wani ya yi Jatau mai magani da tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle a buhu, wasu su haɗa dokin kara. Mu mata kuma Mairama da Daudu, ɗaya ta sa babbar riga da hula ta zama miji tana hura hanci, ga kiɗan ƙwarya a ruwa. Abin da aka samu, gero ne ko dawa ko 'yan kuɗi, a tara a raba, rabon ma faɗa ne mai zaman kansa. Ki ce musu nasu na zuwa su fara haɗa kaya tun yanzu, ki ba su kwali su dinga tara auduga da tsumma da gwangwani. Nawa har gwaji suke yi a tsakar gida, babansu ne alƙali.

Baban Grace, Wusasa:
Sannunku. Ni Kirista ne kuma gaskiya mu ma nan ba mu taso mun ga ana yi ba, a talabijin muka san shi, da yawa daga cikinmu ma ba sa son yara su yi shigar fatalwa. Namu shagalin yaran sai Kirsimeti.

Anti Mai Kunu:
Ni abin da na lura yara suna son a ɗan tsorata su ne suna jikin uwarsu, shi kenan. Daren da aka ɗauke wuta ki shimfiɗa tabarma a waje tunda ruwa ya ɗauke, ki dafa gyaɗa sabuwa ki yanko rake, ki ce ga ta nan ga ta nanku ki ji yadda za su amsa. Ki kawo ta Dodo da yarinyar da ta je rafi ɗibar ruwa, ki sauya murya in Dodo zai yi magana, ki haska tocila a bango ki yi inuwa da hannu. Daga nan sai ki sauko kan Gizo da Ƙoƙi a yi dariya kafin barci, kar a kwanta da Dodo a kai, in ba haka ba ke za ki sha wankin katifa. Kabewa kuma a tsadar nan wa zai fafe ya ajiye a ƙofar gida ta ruɓe, a yi miyar taushe kawai. In sun nace ki ba su tsohuwar ƙwarya su huda mata ido, a sa tocila a ciki, banda kyandir.

Maman Biyu, Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, na yi musu bayani, babban ya gane, ƙaramin dai ya ce shi ba ruwansa da tarihi alawa yake so. Yar Ƙofar Doka da me kuke manna audugar ne? Ya gwada da gam ɗin takarda tana ta zubewa.

Yar Ƙofar Doka:
Koko mai kauri muke shafawa, ko ki ɗinke ta a kan ƙyalle ki sa zare ya ɗaura ta kunne, wannan ya fi daɗewa. Kar dai ki bari ya kusanci sufa gulu.