Musayar Waƙa: Rarar Fanshon da Aka Ce An Biya Tsofaffin Sojoji

Tsohon Saje:
Assalamu alaikum, ma'abota waƙa. Ga baitocina a kan zancen da ake yi mana cewa an biya mu fansho fiye da ƙima, kuma za a zare rarar daga abin da muke karɓa.

Da sunan Allah na fara, Masanin gaibu,
Wanda ba a ɓoye masa adadi ko gaskiya.
An aiko takarda cewa an biya mu da rara,
Za a riƙa yanka duk wata har sai mun biya.
A 1990 na sauka Monrobiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma,
Ban yi cinikin raina ba kafin na tafi Laberiya.
Daga baya aka tura mu Saliyo, muka shiga daji,
Wasunmu suna kwance can, nesa da Najeriya.
Ba ni na riƙe alƙalami ba, ba ni na yi lissafin ba,
Abin da aka turo kawai nake gani a waya.

Akanta Mai Ritaya:
Ranka ya daɗe Saje, na ji kukanka, na girmama shi,
Ba mai musun jinin da kuka zubar a bakin aiki.
Sai dai baitulmali na maraya ne da na talaka,
In kuɗi sun fita bisa kuskure, mayar da su ma hakki.
Akan lissafa wa mutum fanshon muƙamin da bai kai ba,
Ko a ci gaba da biyan mamaci ta asusunsa na banki.

Matar Marigayi Kofur:
Malam Akanta, ina roƙonka ka buɗe tsarin mulkin 1999,
Sashe na 173 ya ce fansho ma dole a gyara,
Duk bayan shekara biyar, ko ranar da aka ƙara albashi,
Amma sau nawa aka cika wannan ba tare da an kai ƙara?
A 2019 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 30,000,
Ƙarin tsofaffin sojoji kuwa aka ce su jira.
Sai da suka tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Janairun 2022,
Suna neman bashin wata 24 da aka tara.
Maigidana ya sha layin tantancewa yana dogara sanda,
Da takardar sallama a leda, duk gefenta ya yage, ba gyara.
Mamaci da ake biya, ba mu muka sa hannu ba,
A nemi wanda ya sa, shi ya san inda ya kai rara.

Akanta Mai Ritaya:
Hajiya, Allah ya jiƙan Kofur, maganarki tana da nauyi,
Yanka kafin a ji ta bakin mutum ba shi ne tsarin aiki.

Tsohon Saje:
Madalla, Malam, to ga abin da muke nema a fili,
A ba kowa lissafinsa a rubuce, wata bayan wata, a jere ɗaya.
A sa abin da aka ce ya hau, a sa bashin da muke bi,
A cire wannan daga wancan, mu ga wa zai biya.
In ni ake bi, a yanka kaɗan kaɗan yadda zan sayi magani,
Domin tun cire tallafin mai a 2023 hatsi ya fi ƙarfin tukunya.
In kuma ni ke bi, Malam, kai da ka san aikin ofis,
Gaya mini wanda zan kai wa takardata ya sa ranar biya.