Ina iyakar 'yancin magana idan aka zo kan kalaman ƙiyayyar launin fata?

Ɗalibar Shari'a: Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana: me ya sa a Jamus ake ɗaure mutum saboda ya musanta kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, alhali a Amurka wanda ya faɗi irin wannan maganar babu abin da hukuma za ta yi masa? Wanne daga cikin tsarin biyu ya fi kusa da adalci?

Malam Na-Zaure: Wa alaikumus salam, malama. Kowace ƙasa tarihinta ne ya rubuta mata dokarta. A shari'ar Brandenburg ta 1969, wadda ta shafi wani jagoran ƙungiyar Ku Klux Klan ta masu fifita farar fata a jihar Ohio, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba za a hukunta mai magana ba sai idan ya yi nufin tunzura jama'a su karya doka nan take, kuma akwai alamar maganar za ta yi tasiri. Jamus kuwa, da yake ta ga inda farfaganda ta kai ta, sashe na 130 na dokar laifuffukanta ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, kuma a 1994 aka sanya musanta kisan kiyashin a cikinsa ƙarara.

Gaskiya Ɗaci: Ni a ganina ma'aunin Amurka ya yi sassauci. A Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya daɗe yana kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai kafin a ɗauki adduna a 1994, kuma da an jira sai haɗarin ya zama na nan take, da an makara. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ta samu Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan rediyon, da Hassan Ngeze, editan jaridar Kangura, da laifi a 2003, amma a lokacin aikin gama ya riga ya gama.

Malam Na-Zaure: Haka ne, sai dai ita Ruwandar ce kuma ta nuna ɗaya gefen matsalar, domin dokarta ta 2008 kan aƙidar kisan kiyashi ta sha suka daga ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam saboda faɗin ma'anarta ya sa ana iya kama ɗan adawa da ita. Wannan fargabar ce ta tayar da ƙura a Nijeriya a 2019, lokacin da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya gabatar da ƙudirin da ya tanadi hukuncin kisa idan kalaman ƙiyayya suka jawo asarar rai, ƙudirin da bai zama doka ba. Ina ba ki shawara, malama, ki duba Shirin Rabat na 2012, jagorar da aka tsara ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kalaman tunzura ƙiyayya, wanda ya buƙaci alƙali ya auna yanayin da aka yi maganar, da matsayin mai maganar, da niyyarsa, da abin da ya faɗa, da yawan waɗanda suka ji, da yiwuwar cutarwa, kafin ya yanke hukunci.