Musayar Waƙa: Baƙo da Akwatin Zaɓe

Alƙalamin Dare:
Da sunan Allah nake buɗe baitina,
Wata tambaya ce ta ƙwace barcina:
Baƙon da ya shekara ashirin a layina,
Harajinsa na tafiya tare da harajina,
Don me za a hana shi jefa ƙuri'a?

Baba Mai Tasbaha:
Ɗana, baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba,
In rana ta ɗaga ina raɓar? Ka duba,
Wuta in ta tashi, fasfo zai ciro ya yi gaba,
Mu da ba mu da wani gidan mu za mu sha azaba,
Ya zama ɗan ƙasa tukun, wannan ce ɗa'a.

Ka tuna 1996 can a Amurka,
Majalisa ta zauna ta kafa doka,
Baƙon da ya yi zaɓen tarayya, ba shakka,
Ɗauri ne ko kora, a haɗa masa jaka,
Haka yake rubuce a gaban shari'a.

'Yar Jinya:
Baba, a gafarce ni in na yi tsallake,
Shekara sha tara ina jinya a ƙasar da nake,
Ranar zaɓe na tura wata tsohuwa a keke,
Har bakin rumfa, hannunta a nawa riƙe,
Ta shiga, ni na tsaya waje kusan sa'a.

Waɗanda aka zaɓa su ke yanka albashina,
Su ke tsara makarantar da ta koyar da ɗana,
Su ke cewa a buɗe ko a rufe asibitina,
A nan na haihu, a nan na binne mijina,
Wace raɓa ce ke da irin wannan ɗabi'a?

Alƙalamin Dare:
Yaya, tun 1975 Niyu Zilan ta buɗe ƙofa,
Mai zaman dindindin, in shekara guda ya kafa ƙafa,
Har a zaɓen majalisar ƙasa yana jefa,
Suwidin ta ce shekara uku, a ƙaramar hukuma fa,
Rabin ƙarni ke nan, ina ɓarnar, jama'a?

Baba Mai Tasbaha:
'Yata, Allah ya jiƙan maigidanki,
Na janye raɓa, kar ta ƙara ɓata ranki,
Kansila da magajin gari, wannan haƙƙinki,
Amma zaɓen mai tura 'ya'yanmu fagen yaƙi,
Sai wanda ya rantse wa ƙasa ya yi mubaya'a.

'Yar Jinya:
Amin, Baba. Mubaya'ar nake bi shekara huɗu,
Duk zuwa sai su ce in ƙaro takardu,
Ɗana da jiya-jiya yake koyon gudu,
Bana zai shiga rumfa, ni ina waje da addu'a.